Gidan da Babu Turaka

Shafi na 27

Jama'a ku yi mani afuwa, jiya wuta aka ɗauke, wayar ta mutu murus. Anti Rabi ta Ƙofar Guga, na ga saƙonninki duka, har wanda kika ce in ban turo ba yau za ki biyo ni gida da muciya. To ga shi, a ajiye muciya. Ku kuma masu rantsuwa da abin da zai kashe ku cewa Malam Abdurrahim aure zai ƙara shi ya sa yake ɓoye-ɓoye, Allah ya ba ku haƙuri, ba can muka nufa ba. Da ma auren ne, wallahi da da sauƙi.

*

Ummukulthum ba ta tashi da niyyar saɓa wa mijinta Malam Abdurrahim ba. Da zai fita bayan sallar asuba ya ce mata ta zauna gida, wurin gini ba wurin mata ba ne, in an gama haƙa harsashi shi da kanshi zai zo ya ɗauke ta ta gani. Ta ce to. Amma fa to ɗin iyakarta baki.

Shekara da shekaru suna haya a Ƙofar Marusa, ciki da falo, su biyu da ɗiya uku mata, makewayi ɗaya da duk mutanen gidan, da safe kowa da butarshi ana bin layi. Yau a ce ana zana gidansu na kansu a Kambarawa, ita kau tana zaune tana tsintar wake? Haba dai. Ta dama kunun tsamiya, ta soya ƙosai, ta ce ai ma'aikata sa so abin karyawa. Ta bar yaran wurin maƙwabciyarta, ta ja mayafi ta tari tasi.

Ranar Asabar ce, ranar da soja ke miƙa mulki ga farar hula. Duk inda suka gitta rediyo ne ke tashi, teburin mai shayi, shagon tela, bakin masallaci. Direban sai zuba yake, wai yau ƙasa ta dawo hannun masu ita, talaka zai sha jar miya. Ummu dai abin da ta sani game da sabuwar gwamnati guda ne, jita-jitar da ta cika gari cewa duk filin da aka raba zamanin soja ba a gina ba, 'yan siyasa za su karɓe su raba wa mutanensu. Da wannan Malam ya kafa mata hujja da ta tambaye shi gaggawar me yake, ga damina ta kawo kai, ga shi kuma ba lafiya ta ishe shi ba.

Ta sauka ta isko filin ya cika da kaya. Ga bulo an jera, ga tulin yashi, ga leburori sun tsuguna sun sa wata 'yar rediyo tsakiya, diga da shebur na jingine a gefe. Malam Sammani magini, dattijon da ya riƙe aikin, yana duƙe da gwangwanin toka a hannu, yana bin igiyar da aka ɗaɗɗaura jikin 'yan itatuwa yana zuba layi fari tas a ƙasa. Da ya ɗago ya gan ta sai da gwangwanin ya kusa suɓuce mashi.

Suka gaisa, ya tambayi yara, ta tambayi iyali da gajiyar aiki. Ya ce maigida ya ɗan zaga neman masu kurar ruwa, yanzu zai dawo, ko za ta zauna can gindin bishiyar bedi ta jira shi a inuwa? Ta ce a'a, tunda Allah ya kawo ta bari ta shiga gidanta ta gani. Ta faɗa tana dariya. Shi bai yi dariyar ba.

Gidan nan Ummu ta san shi tun ba a ba su filin ba. Sau nawa suka zana shi da gawayi a simintin ɗakinsu, ita da Malam, yaran na leƙe suna gardamar wa za ta kwana kusa da taga? Zaure daga gaba. Kana shigowa, hannun hagu turakar maigida, da ƙofarta ta cikin gida da 'yar kantar da zai jera littattafanshi. Sai tsakar gida mai faɗi, ciki da falonta, ɗakin yara, madafi, rijiya, makewayi can ƙurya an kauce wa alƙibla. Har wurin da za ta dasa lemun tsami ta ware.

Ba ta tsallaka layin tokar ba. Ta zagaya ta nemi inda aka bar ƙofa, ta yi bisimilla ta shiga da ƙafar dama, kamar gidan ya riga ya tsaya.

Ga zaure nan, ɗan ƙarami. Ta wuce.

Tsakar gidan ce ta fara ba ta mamaki. An matse ta ƙwarai, in ka shimfiɗa tabarma biyu ka girka tukunya, to shi ke nan. Ta ɗaga kai ta ga dalili. Gidan gaba ɗaya an tura shi gefe guda, an bar wani dogon tsiri ta arewa, tun daga bakin hanya har ƙarshen fili, babu ɗaki babu komai, an raba shi da gidan da layin toka mai kauri wanda ko ƙofa ba a bar mashi ba.

Ta juya hagu, inda turaka take a zanensu. Akwai ɗaki a wurin, amma ta bi layin ta sake bi, babu ƙofa ta cikin gida. Ƙofarshi waje take kallo, bakin hanya, mai faɗi.

"Malam Sammani, wannan fa? An manta ƙofar turaka."

"Ba mantuwa ba ce, Malama. Shago ne."

"Shago? To ina turakar?"

Dattijon ya sunkuyar da kai yana kaɗa gwangwani. Ya ce shi dai yadda maigida ya nuna mashi haka ya zuba. Ya ce ya yi magana tun farko, ya ce bai taɓa fitar da gidan magidanci babu ɗakin maigida ba, Malam Abdurrahim ya ce a bar shi haka nan. Ta tambaye shi tsirin arewa, ya ce shi ma umarni ne: kada taga ta kalle shi, kada indararo ko guda ya zuba ruwa cikinshi, duk a juyo da su tsakar gida. Ya ƙara da cewa falonta kuma an ce a yi mashi taga ƙasa-ƙasa ta bakin hanya, daidai inda hannun yaro zai kai.

Daga nan ya ja bakinshi ya tsuke, ya ce sauran bayani sai mai shi.

Ummu ta tsaya tsakiyar ɗakin da aka ce nata ne, rana na dukanta. Tsoro ne ya kama ta, tsoro sosai.

Tana nan tsaye mijinta ya ɓullo ta bayan tulin yashi. Daga nesa ta ƙare mashi kallo yadda ta daɗe ba ta yi ba, don a ɗaki kullum ido ya saba. Rigar da ta cika shi bara yanzu rataye take a kafaɗa. Wuya ya zama siriri, ciki kuma ya turo gaba. Tafiya yake yana ɗan tsayawa kamar mai tuna wani abu. Wata nawa tana dafa mashi saiwoyi, tana sayo rake, yana ce mata ciwon shawara ne, ya kusa sakin shi.

Da ya gan ta ya tsaya cak. Sai kuma ya ƙaƙalo murmushi, ya ce ashe dai ba a hana Katsinawa abin da suka sa kai, ina ƙosan nashi?

Ba ta biye mashi ba. Ta yi gaba zuwa gindin bedi, nesa da kunnen ma'aikata, ya biyo ta. Ya zauna kan wani bulo, ita ta ƙi zama.

"Baban Nafisa, ina turakarka?"

"Filin ne ya yi kaɗan, Ummu. Na ce falonki ya ishe ni, ko korata za ki yi?"

"Filin ya yi kaɗan, ka yanke wancan ka bar shi a waje?"

"Wannan don gaba ne."

"Gaban wa?"

Ya ɗauki wani tsinke yana tonon ƙasa. Ya fara kame-kame, wai shago ai abin amfani ne, unguwar za ta cika nan gaba, ga siminti ya yi tsada, in hali ya samu sai a ƙara ɗaki daga baya. Ta bar shi ya gama tas.

"Kai da ko a gidan haya sai da ka kafa labule ka raba falo, ka ce namiji ba ya rasa wurin kanshi? Kai ne za ka gina gida da guminka ka manta inda za ka kwanta? Dube ni, Malam. Don girman Allah dube ni."

Ya ɗago. Idanun nan sun yi ɗorawa shar, kuma cike suke da ruwa.

"Ban manta ba."

"To mene ne?"

"Ba zan kwana gidan nan ba, Ummu."

Can wurin rediyo leburori suka ɗauki sowa, an rantsar da wani. Ita ko motsi ba ta yi ba.

"Ba kwas ofis suka tura ni Zariya ba, yadda na faɗa maki. Asibiti na je. Hanta ce, ta riga ta ci ƙarfina. Likitan ya ce in koma gida in ci abin da raina ke so."

Ta sulale ta zauna a ƙasa, nan cikin turɓaya, da mayafinta mai kyau na fita unguwa. Innalillahi kawai take maimaitawa, ita ma ba da ƙarfi ba. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce tun kafin azumi. Ta ce tun kafin azumi yana kallonta tana jiƙa mashi sassaƙe, tana murna in ya ci loma biyu, tana ce wa mutane ai da sauƙi? Ya ce ya kasa ne. Ya ce duk ranar da ya buɗe baki zai faɗa sai ya ji ta tana lissafa kalar labulen da za ta sa a sabon gida.

"Likita ba Allah ba ne," in ji ta.

"Ba Allah ba ne. Amma ni ke cikin jikin nan, na san abin da nake ji."

Ya bari ta yi kukanta, marar sauti, ta toshe baki da gefen mayafi don kada maza su ji. Sannan ya ce ta share hawaye ta saurare shi, don ba shi da ƙarfin maimaitawa.

"Kin tuna Mairo?"

Wa zai manta Mairo? Matar Salihu ce, ƙanen Malam da ya rasu a haɗarin mota ya bar ɗiya mata biyu da gida ginanne. Da yake babu ɗa namiji, 'yan'uwan mamaci na da rabo a gadon. Abdurrahim ya yafe nashi nan take. Babban wansu kau, Alhaji Maitama, dillalin filaye, ya ce shi ba ya yafe abin da Allah ya ba shi, kuma tunda gidan ba ya yankuwa ba tare da an rushe ɗaki ba, sai dai a sayar a raba. Haka aka yi. Ko wata biyu ba a yi da fitarta takaba ba aka fito mata da kayanta waje. Yau tana wani ɗan ɗaki a Ƙofar Guga ita da yaran, kuɗin gidan sun daɗe da narkewa a haya da abinci.

Ummu ce ta taya ta ɗaure kwanuka ranar. Ta tuna yadda Mairo ta tsaya tana kallon bishiyar gwaibar da ta dasa.

"Mu ma mata Allah ya ba mu," Malam ya ce. "Ke tumuni, ɗaya cikin takwas, yara kashi biyu cikin uku. Abin da ya saura na Yaya ne. Shi ne wancan tsirin. Na auna na ƙara mashi da ɗan abin da ya fi haƙƙinshi, don kada ya sami abin faɗa. Ga hanyarshi ta bakin titi, ba tagarku a ciki, ba ruwanku a ciki. In ranar ta zo, alƙali ya yanke mashi nashi, ku a bar ku cikin ɗakunanku."

"Ka ba yaran kyauta mana tun yanzu! Ka tara shaidu ka ce nasu ne."

Ya ce ya riga ta tunani. Ya je wurin liman a asirce, liman ya ce kyautar wanda ke cikin ciwon ajali ba ta zama kyauta, hukuncin wasiyya take ɗauka, magaji kuma ba a yi mashi wasiyya. Da tun yana da lafiya ya yi, da ta zauna. To wa ya san haka za ta faru? Shi da yake jiran a yi mashi ƙarin girma a ofis.

Ya ci gaba da nuna mata da tsinken hannunshi, daga inda suke zaune. Shagon ta ba da haya, ko ba yawa ya sayi hatsi. Tagar falo kuma ta sa ɗan tebur daga ciki, gishiri, magi, ƙuli, ƙosanta na safe, ko tana takaba ba sai ta fita ba, yara za su miƙo kuɗi ta miƙa masu kaya. Rijiya ya matso da ita kusa da madafi saboda ciwon bayanta. Kwanon rufi na ɗaki biyu yana ajiye gidan Malam Sammani. In aka haƙa yau, aka zuba kankare gobe, kafin ruwa ya zauna sosai an rufa ɗaki biyu sun tare. Abin da yake roƙon Allah ke nan, ya ga sun kwana ciki ko da shi daga asibiti ne.

"Amma in na faɗi filin nan yana fili, Ummu, ba abin da zai hana a sayar. Fili ba ya da marayu a ciki, ba mai jin kunyar sayar da shi."

Ita dai kallonshi take. Mutumin nan ashe duk daren da take jin yana juyi, ba ciwo kaɗai ba ne, takabarta yake tsara mata, har da inda za ta ajiye tebur. Wani irin tausayi da haushi suka haɗe mata. Ta ce ita ba ta son shagon, ba ta son tagar, a mayar mata da turaka ko da kwana ɗaya zai yi a ciki. Ya ce kada ta yi mashi haka. Ta ce to ina za ta ce wa yaran ɗakin Babansu yake?

Gidan ubanta an daɗe da rabawa, ƙannenta maza kowa ya ja katanga, ko akurkin kaza ba ta da shi a can. Ta san haka, shi ma ya sani. In ba wannan zanen tokar ba, ita da ɗiyanta ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu a duk faɗin Katsina.

Ƙarar mota ce ta katse su. Farar Fijo ta taho tana tangaɗi cikin yashi ta tsaya daidai bakin filin. Ummu ta ji Malam ya ja numfashi.

Alhaji Maitama ya fito, babbar riga sabuwa fil, an sha shuni da guga, da alama daga wurin bikin rantsuwa yake ko can zai nufa. Ma'aikata suka zube suna gaisuwa. Ummu ta gyara mayafi ta durƙusa ta ce Yaya ina kwana, an zo lafiya, ya Hajiya da yara. Ya amsa da fara'a, har da tsokanar wai amarya ta zo ganin ɗakinta.

Sannan ya juya ga filin. Mutumin da ya ƙare rayuwarshi a awon filaye ba ya bukatar a yi mashi bayani. Ya taka layin zaure da takalminshi, ya ratsa ta tsakiyar ɗakin yara, ya tsallaka ya shiga tsirin arewa. Ya bi shi a tsaye har ƙarshe, ya dawo, ya buɗe hannuwa ya gwada faɗinshi. Sai ya yi 'yar dariya.

"Abdu, halan wannan ne nawa?"

Malam Sammani ya ajiye gwangwani ya matsa can wurin bulo.

"Yaya, wa ya faɗa maka?" in ji Malam Abdurrahim.

Alhaji ya ce haba, a ce ƙanenshi uwa ɗaya uba ɗaya ya kwanta asibiti a Zariya bai ji ba? Wani abokin cinikinshi ne ya gan shi tun a lokacin. Ya yi shiru ne yana jiran a zo a same shi a matsayinshi na babba, sai ga shi an zaɓi a yi mashi dabara da toka, kamar wani baƙo.

Ummu ta dubi Alhaji. Ashe ya sani tun tuni. Ya sani, kuma ko sau ɗaya bai tako Ƙofar Marusa ya ce ya jiki ba.

Alhaji ya gyara tsayuwa ya shiga bayani a natse, da muryar nan tashi mai laushi da yake sayar da fili da ita. Ya ce shi ba ya yi wa kowa fatan mutuwa, wataƙila ma shi zai riga tafiya, rai na hannun Allah. Amma tunda an fara maganar, gara a yi ta a gama. Wannan siririn abu wa zai saya? Ko garejin mota ba zai ɗauka ba. Gado ba tsiri ake yankar wa mutum a ce ungo ba, dukiya ake yi wa kuɗi gaba ɗayanta, gini da fili, a fitar wa kowa nashi. In magada na da abin biyanshi, falillahil hamdu. In babu, to an san yadda ake yi.

"Yaya, ɗiyanka ne fa," in ji Malam.

"Ɗiyana ne. Shi ya sa ba zan ci nasu ba, ba kuma zan bar nawa ba."

Abin da Ummu ba ta taɓa zaton gani ba ta gani. Malam Abdurrahim, mutumin da ko gaban manyan ofis ba ya zubar da kai, ya dafa bulo ya tashi, ya taka har inda Alhaji ke tsaye ya durƙusa gwiwa biyu a gaban wanshi, gaban leburori, gaban matarshi. Ya kama gefen babbar rigar. Ya ce ya roƙe shi don darajar mahaifiyarsu da ke kabari, ya karɓi tsirin, in bai isa ba a ƙara mashi da shagon. Ya ce kada a yi wa Ummu abin da aka yi wa Mairo. Ya ce shi dai a bar mashi yaranshi ƙarƙashin rufi.

Alhaji ya ce ya tashi, abin kunya ne wannan, mutane na kallo.

Malam ya yunƙura zai tashin. Tari ya sarƙe shi. Ya dafe ciki ya duƙa, sai ga jini, baƙi-baƙi, ya zubo kan farin layin da aka ja wa ɗakin yara.

Ummu ba ta san lokacin da ta isa gare shi ba. Ta tallabo kanshi tana kiran Malam, Malam, tana goge mashi baki da mayafi. Leburori suka watsar da rediyo suka taho a guje, aka cicciɓe shi, ba nauyi ko kaɗan, aka shimfiɗa shi a kujerar bayan Fijo. Alhaji ya zagaya ya buɗe gaba. Kafin ya shiga ya tsaya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sammani, a kwance igiyoyin nan. Kada wanda ya sari ƙasar nan sai mun ga abin da Allah zai yi."

Malam Sammani ya dubi Alhaji, ya dubi motar. Ya ce shi Malam Abdurrahim ne ya ɗauke shi aiki, in ba shi ba sai iyalinshi. In Malama ta tsaya ta ce a haƙa, za a haƙa. In kau babu mai gida ko ɗaya a wurin, shi talaka ne, ba zai ja da Alhaji ba.

Ummu ta riga ta sa ƙafa ɗaya cikin mota. Sai ta ji an damƙe mata wuyan hannu. Malam ne, ido rabi a buɗe, leɓe duk jini, amma riƙon kamar ba na majinyaci ba.

"Kada ki biyo ni."

"Malam, me kake faɗa haka?"

"Ki tsaya... a haƙa. In kika bar nan, shi ke nan."

"In bar ka ka tafi kai kaɗai? In wani abu ya same ka a hanya fa, wa zai laƙƙana maka kalmar shahada?"

Ya girgiza kai, hawaye na gangara ta gefen kunnenshi. Ya ƙara matse hannun, sannan ya tura shi waje.

Alhaji ya tayar da mota. Ya leƙo ta madubi, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

"Ummukulthum, mutum na zubar da jini. Ki shigo ki rufe ƙofa, ko ki fita ki rufe mani. Ɗaya za ki yi."

Ta waiga baya. Leburori na tsaye riƙe da diga, ba su ɗaga ba, ba su ajiye ba, ita suke kallo. Ta juyo ta dubi mijinta. Idanunshi sun fara lumshewa.

Motar ta fara mirginawa, ƙafarta ɗaya a ciki, ɗaya a ƙasa.